RUFIN SORO A GAYA DA AJINGI: A YI MASA YAƁE KO A KWASHE SHI?

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona an kai gero da dawa rumbu, akwai maganar da takan taso a zaurukan magidanta na ƙasar Gaya da Ajingi, watau maganar rufin ɗaki. Ɗakin da ya yi ta yoyo a watan Agusta har aka riƙa tara tasoshi da bokitai, yanzu ya bushe ƙayau kamar ba shi ba. Maigida kuwa ga 'yan kuɗin gyaɗa da wake a hannu, ga kuma hidimomi birjik: biki, kuɗin makaranta, takin baɗi. Sai ya shiga wasi-wasi, shin ya kira magini a sake yaɓe kamar yadda aka saba, ko kuwa ya daure ya kwashe rufin ɗungum ya buga kwano?

Wannan shawara ba ta wasa ba ce, domin rai ne a cikinta. Ruwan shekara a ƙasar Kano kusan duka yakan sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ta fi kowane wata. Manya ba su manta da Agustan 1988 ba, lokacin da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa suka zube a Kano. Haka kuma daminar 2022 ta yi mummunar ɓarna a wannan yanki, musamman a Jihar Jigawa wadda Gaya da Ajingi ke maƙwabtaka da ita. Rufin ƙasa kuwa sau da yawa cikin dare yake rufzawa, sa'ad da mata da yara ke barci a ƙarƙashinsa.

YADDA AKE RUFIN SORO

Gaya tsohon gari ne ƙwarai, har ma tarihin baka yana cewa daga nan Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala, suka fito. Saboda haka ginin tubali da rufin azara ba baƙon abu ba ne a nan. Kafin mutum ya yanke shawara a kan rufinsa, ya kamata ya san abin da ke riƙe da shi.

Ƙashin bayan soro ita ce azara, wadda ake tsagowa daga gangar giginya. Magina sun fi son ta namijin giginya, zama ta fi tauri, kuma gara ba ta cika samun galaba a kanta da wuri ba. Azara ba ta ɗaukar nauyi in tazarar ta zarce kamar ƙafa 6, shi ya sa in ɗaki yana da faɗi sai a yi masa tauyi, ko ginshiƙi, ko bakan gizo. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, sa'an nan a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a karkata ta yadda ruwa zai gangara zuwa indararo. Daga ƙarshe a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso, watau haɗin katsin marina da gashin jima da dafara.

To, mai karatu zai ga cewa rufi hawa biyu ne: akwai fata, akwai ƙashi. Fata ita ce yaɓe da makuba, ita kuwa dama an yi ta ne don a riƙa sabunta ta. Ƙashi shi ne azara da bangon da take kwance a kai. Duk hukuncin gyara ko sakewa a kan ƙashin nan ya rataya.

INDA GYARA YA WADATAR

Yoyo shi kaɗai ba ya nufin rufi ya mutu. Sau da yawa in aka hau aka duba, sai a tarar indararo ne ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ko yaɓe ya tsage a gindin rawani, ko wani wuri ya lotsa ruwa yana kwanciya, ko ciyawa ta tsiro saiwarta ta huda ƙasa. Waɗannan duka aikin kwana ɗaya ko biyu ne ga magini da 'yan kwaɓa.

Abin da ya kamata maigida ya yi shi ne ya shiga ɗakin da rana tsaka da fitila, ya bi azara ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari: lafiyayya za ta yi ƙara tsaf, wadda ta ruɓe kuwa sai ta yi ƙaran ganga. Ya soka tsinin wuƙa a bakin azara inda ta shiga bango, domin nan danshi ke maƙalewa, nan kuma ruɓa take farawa. In wuƙa ta ƙi shiga, azara ba ta lanƙwashe ba, bango kuma yana tsaye babu tsaga, to, wannan rufi gyara yake so. Kwashe irinsa asara ce tsagwaronta, musamman da yake azara mai kyau ta yi wuya yanzu, giginya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Ko da azara biyu ko uku ne suka lalace a kusurwa guda, gwanin magini yana iya buɗe wurin ya musanya su ba tare da ya taɓa sauran ba.

Sai dai akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a wajen gyaran, watau a riƙa labta sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara ba tare da an kankare ba. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, duk inci ɗaya na ƙasa da aka ƙara masa ya haura nauyin buhun siminti 10, in ya sha ruwa kuwa sai ya ƙara. Ruwa yakan wanke wani abu daga ciki, amma saura yana nan yana taruwa shekara da shekaru a kan azarar da kullum tsufa take yi. Gyaran ƙwarai shi ne a kankare tsohon yaɓe, a daidaita gangara, sa'an nan a sa sabo. Masu shimfiɗa leda kafin su yi yaɓe su lura kada ta huje, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashin leda ba ya samun hanyar bushewa. Shafen siminti a kan ƙasa shi ma haka: ba sa kama juna sosai, in ya tsage sai ya ɓoye ruwa a bayansa.

INDA BABU MAKAWA SAI AN KWASHE

Akwai alamun da in sun bayyana, kuɗin yaɓe zubar da su kawai aka yi. In tsakiyar rufi ta yi ciki ta sauko. In bakunan azara da yawa sun yi laushi. In gari yana zubowa daga sama ko ana ganin hanyoyin gara sun hau bango har rufi. In bango ya tsage daga sama zuwa ƙasa ko ya buɗe a kusurwa. In gindinsa ya zaizaye saboda kwanciyar ruwa, to, a fitar da iyali daga wannan ɗaki kafin hadarin farko. Tokara rufi da gungume dabara ce ta kwanaki, bai kamata a shiga damina da ita ba. Wannan ya fi shafar garuruwan da ke kusa da fadama da gaɓar kogin da ya biyo ta Wudil ya nufi Haɗeja, inda ruwa kan ci ginin ta ƙasa ko da saman lafiya lau yake.

Ɗakin jinka shi nasa hukuncin ya fi sauƙi. In tsaiko da tanka suna da ƙarfi, sai a yanta sabuwar ciyawa a baibaye. In gara ta cinye su, sai a ɗaura sabo, kuɗinsa kuwa ba ya kai na soro.

KWANO DA NASA HALIN

Wanda ya yanke shawarar kwashewa, yawanci kwano yake nufa, kuma yana da hujja: ba shi da nauyi, ba ya neman yaɓe duk shekara. Amma kada a ɗauka an rabu da wahala ke nan. Ɗakin kwano marar silin tanderu ne a watan Afrilu, da hunturu kuma ƙanƙara, alhali soro yana riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da ɗari. Bugu da ƙari, tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, bandir ɗin kwano da katako da ƙusa duk sun yi tsada, har mutane suka koma sayen marar kauri. Araha kuwa ba ta ado: irin wannan kwano 'yan damina kaɗan yake yi ya fara tsatsa a bakin ƙusa.

Babban abokin gabar kwano shi ne guguwar farkon damina. In an ɗora katako a kan bangon ƙasa ba a ɗaure shi da waya ko ƙarfe can cikin gini ba, iska ɗaya ta isa ta yaye rufin ta jefa shi gidan maƙwabci. Dole ne kuma kafinta ya bar kwanon ya zarce bango sosai, in ba haka ba ruwan da yake kwararowa shi zai cinye ginin. Tun ran gini, tun ran zane.

Akwai hanya ta uku da wasu magidanta suke bi, ita ce a bar soron yadda yake a ɗora masa kwano a bisa. Ta haka ƙasa takan tsare zafi, kwano ya tsare ruwa. Dabara ce mai kyau, amma da sharaɗin azarar lafiyayya ce. Rufe ruɓaɓɓiyar azara da kwano ɓoye ciwo ne kawai.

GIDAN GADO DA HAKKIN MAƘWABCI

Sau da yawa abin da ke hana gyara ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Gidan gado da ba a raba ba, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, wanda ke birni yana cewa ba shi ke kwana ciki ba, na gida yana cewa ba nasa ne shi kaɗai ba; a haka damina za ta riske su, tsohuwa da marayu kuwa su ne a ɗakin. Ya kamata 'yan'uwa su zauna tun da kaka su raba nauyin. Haka nan wanda zai sake rufi ya dubi inda ruwansa zai zuba, domin indararo ko bakin kwanon da aka juya wa katangar maƙwabci ya sha kai mutane gaban mai unguwa, har ma gaban alƙali.

Lokacin aikin kuma shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ƙasa za ta bushe sosai, magina ba su yi wuya ba, ba a kuma kashe kuɗin kaka ba tukuna. Wanda ya bari sai gajimare ya fara haɗuwa a gabas, zai biya da tsada, a yi masa aikin gaggawa, ruwa ya sauka a kan ɗanyen yaɓe.

A nan muna kira ga masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta sa ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, da ta umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa zagayawa da magina kowane rani, a duba ɗakunan gajiyayyu da makarantun allo, a yi gayya inda ta kama. Limamai su tunatar a masallatai, ƙananan hukumomi kuma su taimaka da dashen giginya da ɗorawa, don 'ya'yanmu su sami abin rufi. Kai kuma maigida, kafin ka tambayi kuɗin bandir ko ladan magini, ɗauki fitila da wuƙa ka fara duba azararka. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu, amin.