Ja ne ko kore? Fitilar da ba kowane ido ke karantawa ba

A kusan kowace manhaja akwai wani ɗan ɗigo mai launi da aka ɗora wa nauyin isar da saƙo. In kore ne, komai lafiya: intanet ta haɗu, kuɗi sun shiga, abokin aiki yana kusa. In ja ne, akwai matsala. Ruwan ɗorawa kuwa, a dakata. Mun saba da wannan tsari har mun manta cewa akwai mutanen da ja da kore suke zo musu kusan abu ɗaya. Ana ƙiyasta yawan masu makantar launi a duniya da kimanin miliyan 300. A tsakanin Turawan arewacin Turai, namiji ɗaya cikin 12 yana da ita, mace kuwa ɗaya cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma a ƙasa mai yawan jama'a irin Najeriya, ɗan kaso kaɗan ma miliyoyi ne.

A bayan ƙwayar ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku masu tsinkayar launi: masu kama hasken da ya karkata ga ja, da na kore, da na shuɗi. Ƙwaƙwalwa tana gwada saƙonnin ukun da juna ne ta fitar da launi. Idan na ja ko na kore suka yi rauni, ko babu su gaba ɗaya, sai ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan lemo su riƙa shiga juna. Galibi gado ne, kuma ta wajen uwa yake bi zuwa ga ɗa namiji, shi ya sa maza suka fi yawa. Mai wannan lalura yana gani sarai, yana karatu, yana sana'arsa. Da yawa ma ba su san suna da ita ba sai an yi musu gwajin nan na ɗige-ɗige masu ɓoye lamba, wanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917.

Masana sun daɗe da sanin wannan. John Dalton na Ingila ya gabatar da bayanin nasa idon tun 1794. Bayan haɗarin jirgin ƙasa na Lagerlunda a Suwidin a 1875, masani Frithiof Holmgren ya ɗora laifin a kan makantar launi, kuma ko da yake daga baya an yi jayayya da wannan hukunci nasa, shi ya sa kamfanonin jiragen ƙasa suka fara gwada idon ma'aikatansu.

To, daga danjar kan titi masu manhaja suka aro ja da kore, sai dai rabin dabarar kawai suka ɗauko. Danja fitila uku ce, kowace da mazauninta: ja a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, kore a ƙasa. Direban da bai bambance launi ba yana duban wadda ta kama, ya san abin da ake nufi. Koren ma a kan surka shi da ɗan shuɗi don ya yi nisa da ja. A manhaja kuwa an dunƙule fitilun uku sun koma ɗigo ɗaya a wuri ɗaya, girmansa ɗaya, siffarsa ɗaya, launi kaɗai ke sauyawa. Ƙanƙantar ɗigon tana ƙara dagula lamarin, domin ido ya fi shan wahalar tantance launi a kan ƙaramin abu.

A dubi ma'aikacin da aka ba shi allon lura da na'urorin cirar kuɗi arba'in. Ga ɗige-ɗige arba'in a jere, talatin da tara kore, ɗaya ja. Abokin aikinsa da kallo ɗaya ya hango jan. Shi kuwa sai ya matso da fuska kusa da allo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da linzamin kwamfuta ko wani rubutu zai ɓullo, in bai ɓullo ba ya juya ya ce, "Malam, don Allah duba mini, wannan ja ne ko kore?" Ranar da babu wanda zai tambaya, na'ura ta kwana a mace, gobe a ce sakaci ya yi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin laifin na wanda ya zana allon ne, amma wani ke ɗaukar zargin.

Masu ƙera na'urori na da suna da ɗan uzuri. Shekaru da dama ƙananan fitilun da ake samu da araha ja ne da kore mai kama da ruwan ɗorawa, wato launukan da suka fi rikitarwa. Shuɗiyar fitila mai haske sai a farkon shekarun 1990 aka same ta, aikin da ya jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura lambar Nobel a 2014. Har yau caja da mitar wuta da akwatin intanet na gida suna ɗauke da wannan gado. Mai rubuta manhaja ba shi da wannan uzuri ko kaɗan. Allon da ke gabansa yana iya zana kowace siffa, ya rubuta kowace kalma, ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Ƙa'idar ma a rubuce take. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tanada a kundinta na WCAG 2.0 na 2008, sashe na 1.4.1, cewa kada launi ya zama shi kaɗai ne hanyar isar da bayani, kuma ta sa wannan a matakin farko, wanda ba a yarda a gaza shi ba. A 2018 aka ƙara cewa alama mai ma'ana ta bambanta da abin da ke kewaye da ita a haske da aƙalla 3 bisa 1. Ba a hana amfani da launi ba. An dai ce a haɗa shi da wani abu.

Waɗanda suka bi wannan ba su yi asarar komai ba. A GitHub, aikin da ya yi nasara yana samun alamar maki, wanda ya faɗi kuma alamar gicciye, don haka ko an zare launin saƙon yana nan. A Slack, ɗigon wanda yake kan aiki cikakke ne, na wanda ba ya nan kuma zobe ne fanko. Microsoft Teams ya sa hannun agogo a cikin ɗigon wanda ya ɗan fita. Wasan Wordle ya ba da zaɓin ruwan lemo da shuɗi a madadin kore da ruwan ɗorawa. Masana biyu na Japan, Masataka Okabe da Kei Ito, sun ma tsara jerin launuka takwas da yawancin idanu ke iya rarrabewa, kuma kowa na iya ɗauka kyauta. A ganina dai kalma ta fi duka: "An biya", "Ba a biya ba". Ita ce kuma manhajar karanta wa makafi allo za ta iya furtawa.

Wani zai ce ai wayoyin Android da iPhone suna da saitin gyaran launi. Gaskiya ne, yana kuma taimakawa. Amma sai wanda ya san yana da lalurar zai nemi saitin, kuma saitin wayarsa ba zai bi shi zuwa kwamfutar ofis ko na'urar POS ta shago ba.

Kirana ga matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai, da malaman da ke koyar da su, shi ne su mayar da wannan gwaji al'ada: kafin a saki aiki, a mayar da allon baƙi da fari a duba. Burauzar Chrome ma tana da kayan aikin da ke nuna shafi yadda mai makantar launi yake ganinsa. Duk alamar da ma'anarta ta ɓace a wannan gwaji, a ƙara mata siffa ko kalma kafin ta isa hannun jama'a.