Daga kaskon suya zuwa injin niƙa: Me ke sa man biyodizal na gida ya koma sabulu?

Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, masu janareto da injinan niƙa sun ƙara sanin darajar kowace litar gazuwal. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana tace mai tun 2011, duk hanyar da za ta rage kuɗin mai tana jan hankalin mai ƙaramin jari. A intanet kuwa akwai bidiyoyi barkatai da ke nuna yadda ake mayar da man girki ya koma man inji, wanda ake kira biyodizal. Abin da ba su cika nunawa ba shi ne haɗin da ya ɓaci: wanda ya daskare kamar tuwo, wanda ya ƙi rabuwa, da wanda ya yi kyau a ido amma ya lalata inji.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A baje kolin duniya na birnin Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gujiya, a garin Garalo na ƙasar Mali kuma an kafa tashar lantarki da aka tsara ta yi aiki da man cindazugu. Matsalar ɗanyen mai ita ce kauri. Don a rage shi, ana haɗa litar mai ɗaya da mililita 200 na metanol da aka narkar da giram 3.5 na sodar sabulu a ciki, a riƙe zafin a digiri 50 zuwa 55, a yi ta motsawa kimanin awa guda. Idan aka bar shi ya kwana, giliserin mai duhu zai kwanta a ƙasa, biyodizal ya taso sama.

Wannan awon na sabon mai ne. To amma litar man girki ta fi ta gazuwal tsada, saboda haka mai neman riba dole ya koma ga man da aka gama suyar ƙosai, fanke ko kifi da shi, ko man da ba a ci kamar na cindazugu da dogon yaro. A nan ne matsalolin ke farawa.

Ruwa, babban maƙiyi

Mata masu sana'ar sabulu sun san cewa mai da soda da ruwa su ne sabulu. Haɗin biyodizal ma mai ne da soda, bambancin kawai shi ne babu ruwa a ciki. Da zarar ruwa ya shiga, ko kaɗan ne, soda za ta bar aikin da aka sa ta, ta koma yin sabulu.

Ruwan na shiga ta hanyoyi uku. Na farko man suya, wanda ke ɗauke da danshin abincin da aka soya. Gwajinsa ba wuya: a ɗiga shi a kasko mai zafi, idan ya yi tartsatsi akwai ruwa. Sai a tace shi, a dafa ya ɗan wuce digiri 100 har kumfa ta daina tashi, sannan a bari ya huce. Na biyu soda, wadda ke shan danshin iska, musamman da damina. Sodar da ta dunƙule ko ta jiƙe ta rasa ƙarfinta. Na uku alkol: wanda ake sayarwa a famasi na wanke ciwo yana da ruwa a ciki, ba zai maye gurbin metanol ba. Haka kanwa da ruwan toka ba za su tsaya a madadin soda ba.

Tsamin da ba a gani

Duk man da ya daɗe a wuta yana tara sinadarin asid. Wannan asid yana cinye wani ɓangare na soda kafin ta fara aiki. Idan soda ta gaza, haɗin ba zai kammala ba: giliserin ya fito kaɗan ko ya ƙi fitowa. Idan kuma an zuba ta fiye da kima, haɗin ya yi kauri ya daskare.

Maganin wannan awo ne, ba ƙiyasi ba. Ana narkar da giram 1 na soda a litar tataccen ruwa irin na batir. A wani kofin gilashi a haɗa mililita 1 na man da mililita 10 na alkol isoforofil da ɗan garin kurkum. Sai a riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji ana motsawa, har launin rawaya ya koma ja ya tsaya a haka. Yawan mililitar da aka ɗiga shi ne giram nawa za a ƙara a kan 3.5 ga kowace lita. Idan an ɗiga mililita 2, ke nan giram 5.5. Idan kuwa adadin ya kai 8 ko 10, gara a sirka man da wanda ya fi shi kyau, ko a bar wa masu sabulu.

Zafi ma na da iyaka. Metanol na tafasa a wajen digiri 65. Wanda ya wuce nan ya kore shi cikin iska, haɗin ya tsaya a rabi.

A gwada a kwalba kafin a zuba a inji

Gwaji biyu ne ke raba gardama. Na farko, a zuba mililita 3 na biyodizal cikin mililita 27 na metanol a girgiza. Idan ya narke tas, haɗin ya kammala. Idan ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, da saura, sai an sake sarrafa shi da ɗan metanol da soda.

Na biyu, a zuba biyodizal da ruwa daidai wa daida a kwalba, a girgiza. Mai kyau yana rabuwa cikin rabin awa. Idan ya koma fari kamar kindirmo ya ƙi rabuwa, sabulu ya yi yawa. Ɗumi, ruwan gishiri da haƙuri na ƴan kwanaki sukan raba shi. Wanki na farko ana yin sa a hankali da ruwan ɗumi, ana maimaitawa har ruwan ya fito garau, sannan a shanya man har hazon cikinsa ya washe.

Tsallake wannan mataki shi ne asara mafi girma, domin sabulu da ruwa da ragowar giliserin suna toshe matatar mai, su cinye famfon da ke tura mai da kuma enjekta, waɗanda gyaransu ya ninka abin da aka yi tanadi. Ko mai kyau ne, yana wanko tsohuwar dauɗar tanki, don haka a tanadi sabuwar matata, a kuma duba tiyon roba na tsofaffin injina domin yana sa su laushi. Wanda aka yi da manja yana fara daskarewa idan sanyi ya sauka wajen digiri 15, abin da ake gani da asubahin Disamba da Janairu a Tawa da Damagaram. Sirka shi da gazuwal na rage wannan. Injin ban ruwa ko babur mai shan esansi kuwa ba ya amfani da shi sam.

Haɗarin da ya fi asarar inji

Metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum ko ya kashe shi, yana kuma shiga jiki ta fata da numfashi. Wutarsa ba a cika ganin ta da rana ba, saboda haka a kashe murhu kafin a buɗe shi, a yi aikin a sarari, da safar hannu da tabarau. Tukunyar dalma ba ta dace ba, domin soda na cin ta tana fitar da iska mai kama wuta. Giliserin da ya rage yana ɗauke da metanol da soda, kada a ba dabbobi ko a zubar kusa da rijiya, kada kuma a ajiye ɗayan kayan nan a robar ruwan sha inda yara za su kai gare shi.

Ga mai son gwadawa, hanya mafi aminci ita ce ya fara da lita ɗaya, ya rubuta awon da ya yi, ya kuma sake gwaji duk lokacin da ya canza wurin sayen mai, domin man kowane kasko da irin tsaminsa.