Baƙin Rami da Ruwan Buta

In ina alwala da asuba a gidanmu na Madobi, nakan kalli ruwan da ke zubowa daga bakin buta. Yakan fito miƙe kamar zare, amma kafin ya taɓa ƙasa ya tsinke ya koma ɗigo-ɗigo. Ashe masana baƙin rami ma wannan tsinkewar ce ke hana su barci.

Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya inda nauyi ya taru har haske ma ba ya kuɓuta. Yana da iyaka, duk abin da ya ƙetare ta ya tafi ke nan. Lissafin Einstein na 1915 ne ke bayyana motsin iyakar, sai dai warware shi aiki ne ja.

Duniyarmu fuska huɗu gare ta: tsawo, faɗi, zurfi da lokaci. A 1993 Ruth Gregory da Raymond Laflamme suka nuna cewa da fuskokin biyar ne, baƙin rami zai iya miƙewa kamar igiya, kuma igiyar ba za ta zauna lafiya ba. Sai a 2010 Lehner da Pretorius suka ga ƙarshenta a babbar kwamfuta: tana kumbura nan, tana sirancewa can, sak ruwan butata.

Dabarar da ta fi burge ni ta zo a 2013, daga Roberto Emparan na Jami'ar Basalona da abokan aikinsa, Suzuki da Tanabe. Suka ce a ƙaddara fuskokin ɗari ne, ko dubu. Wanda ya taɓa ban ruwa a Kadawa zai gane nan take. Saki ruwan Tiga ta hanya ɗaya, zai kai fangalin ƙarshe. Buɗe masa hanya ɗari, a bakin kanal zai ƙare. Haka ƙarfin janyowar ramin yake: in fuskoki suka yi yawa, sai ya tattare jikin iyakar kamar siririyar fata, gaba kaɗan kuwa sarari fayau. Lissafin da ya saura ya yi kama da na kumfar sabulu, ƙaramar kwamfuta ma ta ishe shi. A 2015 Shiraz Minwalla da abokansa a Cibiyar Tata ta Mumbai suka iso nan ta wata hanyar.

Ba cewa ake duniya tana da fuska ɗari ba. Hanya ce ta sauƙaƙa lissafi, sannan a gangaro zuwa huɗu da abin da aka koya.

Takardun nan duk suna shafin arXiv kyauta. Ɗalibanmu na lissafi a Jami'ar Bayero da ta Wudil, don Allah ku nemo su ku karanta.