Tsohon batiri a bakin garke: gubar da ke taɓa zuciyar dabba

Da ranin bara aka kira ni wata ruga kusa da Jiratawa, maruƙa biyu sun faɗi. Ɗaya ya mutu kafin in iso. Da na saurari ƙirjin ɗayan, sai na ji zuciyarsa tana bugawa tana tsallake. A bayan bukka muka tarar da fasasshen batirin mota da ake cajin waya da shi, duk sun lashe cikinsa.

Abin da ya fi yawa cikin irin wannan batiri dalma ce, kuma ita ce ta fi kashe shanu. Tana kawo makanta, cizon haƙora, dalalar miyau da faɗuwa kamar farfaɗiya. Amma akan gauraya ta da ɗan wani ƙarfe mai suna antimoni don ta yi tauri, shi kuwa zuciya yake nema.

Zuciya tsoka ce da ƙananan ƙwayoyi suka haɗu suka yi, suna matsewa tare suna saki tare. Idan antimoni ya shiga cikinsu, yakan cinye sinadarin da ke kare su daga lalacewa, ya rikita shige da ficen kalshiyom ɗin da ke sa su matsewa. Sai bugun ya rikice, dabba ta kasala, wani lokaci ta faɗi nan take. Ƙwayar da ta mutu kuma ba ta sake tsirowa, tabo ne ke maye gurbinta.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun 1908 aka gano maganin antimoni yana kashe ƙwayar sammore, aka daɗe ana yi wa shanu allurarsa a jijiya. A 1918, a Khartum ta Sudan, aka fara yi wa masu tsargiya magani da shi. Yana aiki, amma tsakanin warkewa da mutuwa tazarar kaɗan ce. Da Berenil ya fito a 1955, sai aka samu abin da ya fi shi sauƙin haɗari ga shanu.

Shawarata gare mu ita ce kada tsohon batiri ya kwana inda dabba za ta kai baki, musamman da rani lokacin da suke lasar duk abin da suka samu. A ba su dutsen lasa ko gishiri. Kada a sayi garin magani ko allurar da babu takarda a jikinta, ko a kasuwar Maraɗi ko ta Tibiri. Idan dabba ta lashi batiri, a ware ta a inuwa, kada a kora ta da gudu, a kira ma'aikacin kiwo, a daina shan nononta, kada kuma a ci namanta.

Maraƙin nan na biyu bai kai safiya ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu.