Darasin da na saurara a bakin gadon ɗiyata

A ƙarshen watan Satumba, saura ƴan kwanaki a buɗe makarantu, na yi kwana shida a ɗakin yara na wani babban asibiti a nan cikin ƙasa. Ɗiyata ta biyu, mai shekara uku, masassarar cizon sauro ce ta kayar da ita har ta kai ga jijjiga. Da laifina a ciki, ba zan ɓoye ba. Maganin rigakafin nan da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, zagaye na uku ya same mu muna ƙauye wajen biki, da muka dawo kuma ban bi sawu ba.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a irin wannan lokaci ya san yadda yake. Gado ɗaya yara biyu, uwaye a ƙasa kan tabarma, kwanonin abinci da butoci a ƙarƙashin gadaje. Ni ma haka na zauna, da hijabin da na kwana a ciki, idanu sun yi jajur. Ba wanda ya dube ni ya yi zaton malamar makaranta ce da ta shekara goma sha ɗaya tana koyarwa da Faransanci. Ni kuma ban faɗa ba. Shi ya sa na ji abin da matan da ke kewaye da ni ba su ji ba.

Daren Lahadi aka kwantar da mu. Wadda ta karɓe mu wata ƙaramar likita ce, yarinya da ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta sa aka auna nauyin ɗiyar, kilo 13, ta rubuta allurar artesunate, aka yi ta farko. Da safe wajen ƙarfe tara sai ga babban likitan ɗakin ya shigo, ƙananan likitoci da ɗalibai kusan goma na biye da shi, kowa da ɗan littafi a hannu. Wannan zagayen shi ne suke kira bizit. A kowane gado wanda ya karɓi yaron ne ke fara bayani: me ya kawo shi, me aka gani, me aka yi. Babban yana saurare, yana taɓa cikin yaro, yana jan fatar ido, sa'an nan ya fara tambaya.

Da suka iso kanmu, ƙaramar likitar ta yi bayaninta tsaf. Ya ɗauki takardar ya duba, ya tambaye ta nauyin yarinyar. Ta faɗa. Ya tambaye ta awon da ta yi amfani da shi. Ta ce miligiram 2,4 a kowane kilo. Ya ce, “Wa ake ba wannan awon?” Shiru. Ya juya ga sauran, ɗaya bayan ɗaya, sai na huɗu ne ya ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo. Na yi lissafin a kaina, aikina ne ai: an ba ɗiyata kusan 31 a inda ya kamata a ba ta 39.

Wallahi a lokacin zuciyata tafasa ta yi. Na ce a raina, wato ɗiyata ce allon da ake koyon rubutu a kai? Na kira maigidana na ce ya nemo kuɗi ko bashi ne mu koma asibitin kuɗi. Ya ce in yi haƙuri har yamma.

Abin da ya hana ni tashi shi ne abin da babban likitan ya yi bayan haka. Bai yi mata tsawa ba, bai kuma share maganar ba. Ya sa ta gyara takardar a nan take kafin allura ta biyu, wadda ake yi bayan awa 12. Ya ce kafin azahar ta bi duk yaran ɗakin da ba su kai kilo 20 ba ta duba awon kowa. Sa'an nan ya ba ta aikin mako: ranar Juma'a, a nan bakin wannan gadon, ta yi wa ƴan uwanta bayanin minti biyar kan dalilin da ya sa ƙaramin yaro ke buƙatar awo mafi yawa, ba tare da karantawa daga takarda ba. Ya ciro wani tsohon littafi daga aljihu ya rubuta sunanta da aikin da ranar. Na lura kusan kowa a cikin tawagar ya samu nasa kafin su fita: wannan kan yaron da jininsa ya yi ƙasa, wancan kan mai tamowa da ke amai. Ba wanda aka ba babi daga littafi. Kowane aiki daga wani gado ya fito.

Nan na gane abin da nake kallo, domin ni ma an yi mini. A makarantar horon malamai, wadda muke kira ENI, mun cika littattafai da darussa kan yadda ake koyarwa, amma ban san komai ba sai ranar da aka tsayar da ni gaban yara fiye da saba'in, malamar ajin na zaune a baya tana rubutu. Bayan an tashi ta ce mini, “Kin yi tambaya goma sha biyu, duk layin gaba kika ba.” Ta ce mako mai zuwa abu ɗaya kawai za ta duba: ko na kai ga layin baya. Ta kuwa dawo ta duba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau in na ɗaga alli idona layin baya yake fara zuwa.

Daren Talata ne abin ya zo mini ta inda ban zata ba. Wajen ƙarfe uku ɗiyar, da ta ƙi cin komai tun rana, ta yi laushi, gumi ya jiƙa ta, ina kiran sunanta ba ta buɗe ido. Na fita da gudu ba takalmi. Wa zan tarar a ɗakin masu kwanan aiki? Ita dai wannan yarinyar. Gabana ya faɗi. Ta zo, ta dubi ɗiyar, kafin komai ta soki yatsarta ta auna sukarin jini. Ya yi ƙasa ƙwarai. Ta sa mata ruwan sukari ta jijiya, ta tsaya a kanta. Ba a jima ba ɗiyar ta motsa ta fara kuka. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Da abin ya lafa na yi mata godiya da Faransanci. Ta zaro ido, ta ce, “Yaya, ashe kin ji duk abin da aka faɗa ranar Litinin?” Na ce na ji. Ta sunkuyar da kai, sai kuma ta gaya mini abin da ya sa nake wannan rubutun. Mako biyu kafin zuwanmu, wani yaro ya yi irin wannan laushin a hannunta, ta ɗauka ciwon ne ya hau kai, ba ta auna sukari ba sai da wani ma'aikacin jinya ya tuna mata. Aikin da aka ba ta a wancan makon ke nan: faɗuwar sukari ga yaro mai masassara mai tsanani, alamominta da abin da ake yi. Ta ce ta karanta shi a aji tun shekarun baya, ta ci jarrabawa a kansa, amma bai zauna mata ba sai da ta tsaya gaban ƴan uwanta ta faɗe shi da bakinta.

Wannan hanyar koyarwa ba sabuwa ba ce. Ibn al-Nadim ya ba da labarin yadda Abubakar al-Razi, likitan Rayy da Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, yake zama ɗalibansa sun kewaye shi sahu-sahu. Marar lafiya ya fara da na farko, in sun kasa ya wuce ga na gaba, sai kowa ya kasa malamin ke magana. A Faransa, inda tsarinmu ya samo asali, tun 1802 aka kafa tsarin ƙananan likitoci masu kwana a asibitocin Paris suna aiki suna koyo. A Amurka ana tuna William Osler da asibitin Johns Hopkins, da aka buɗe a 1889, saboda ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su bakin gado. A nan gida, tun shekarun 1970 ake horon likitoci a jami'ar Yamai, yanzu ga Maraɗi da Damagaram su ma suna yi. Ɗalibai sun ƙaru, kuma duk inda suka ƙaru, asibitin gwamnati ne ajinsu. Wato mu da ƴaƴanmu muna cikin darasin, mun sani ko ba mu sani ba.

To tunda haka ne, ina da ƙorafi biyu, kuma ba zan sassauta su don ɗiyata ta warke ba.

Na farko, ranar Laraba babban likitan bai zo ba, an ce yana wani taro. Wanda ya jagoranci zagayen ya gama ɗakin cikin ƙasa da rabin lokacin, ba tambaya, ba aiki, ba duba na jiya. Ƙananan likitocin sun bi shi kamar masu rakiyar amarya. Ban ce malalaci ba ne, na ga layin da ke jiransa a waje. Amma abin ya nuna mini cewa duk wannan kyakkyawan tsari a aljihun mutum ɗaya yake, cikin tsohon littafinsa. Mu malamai mun san wannan ciwon. Muna da tarukan CAPED inda ya kamata mu koya wa juna, kuma kowa ya san bambancin taron da aka ba ka abin da za ka gwada a aji aka dawo aka tambaye ka, da taron da aka sa hannu a takarda aka watse. Aikin gida da yaro ya san ba za a duba ba, ba ya yin sa, kuma ban ga alamar likita ya bambanta da yaron CE2 a wannan ba.

Na biyu ya fi damuna. Duk darasin da Faransanci ake yin sa, a kan uwa da ke zaune tana kallon bakuna. Tsohuwar da ke jinyar jikanta a gadon kusa da mu, bayan mutum goma sun tsaya a kansa minti goma sha biyar sun wuce, ta jawo hijabina ta ce, “Ɗiyata, mutuwa suka ce zai yi?” Alhali cewa suka yi ya samu sauƙi, gobe za a cire masa ƙarin ruwa. Na ce, “Inna, kwantar da hankalinki,” na fassara mata. Daga ranar na zama tafintar layinmu. Ba na cewa a koyar da likitanci da Hausa ko Zabarmanci gobe da safe. Amma me zai hana ya zama cikin aikin ƙaramin likita, kafin a bar gado, ya juya ga uwa ya faɗa mata da harshenta, cikin jimla biyu, abin da aka gani da abin da za a yi? A aji, in ina son in san yaro ya gane, cewa nake ya bayyana wa na kusa da shi.

Ranar Juma'a babban likitan ya dawo. Da suka iso gadonmu ya buɗe littafinsa ya kira sunanta. Ta tsaya, hannunta na ɗan rawa, ta yi bayani: jikin ƙaramin yaro yana saurin kawar da maganin, shi ya sa in an ba shi awon manya abin da ke zama cikin jininsa ba ya kaiwa, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gyaran cikin ƙa'idojinta. Ta zana ɗan jadawalin nauyi da awo a kwali, ta ce za ta manna shi a ɗakin masu kwanan aiki. Ya yi mata tambaya biyu, ta amsa ɗaya, ɗayar ta ce ba ta sani ba. Ya ce to, ita ce ta mako mai zuwa.

Suna shirin wucewa na yi ƙarfin hali na ce, “Likita, a gafarce ni, ina da magana.” Na faɗa masa zancen tsohuwar da tambayar da ta yi mini. Ya dube ni, ya dubi tawagarsa, bai ce mini komai ba. Sai ya nuna wani dogon saurayi daga cikinsu ya ce ya je ya gaya wa Inna halin da jikanta ke ciki. Yaron ya durƙusa gabanta ya fara da Hausar da ke karyewa, ya rasa kalma, ya waiwayo yana neman taimako. Ƙaramar likitarmu ce ta cika masa. Na ga babban ya sake ciro littafin ya rubuta wani abu, ban dai ga ko mene ne ba. Washegari Asabar aka sallame mu.