Jitar Bes da Amfilifayarta: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saya

Idan ka tsaya kusa da makaɗan zamani a wurin biki ko a coci, za ka ji wani amo mai kauri wanda ƙirji yake riga kunne jin sa. Daga jitar bes yake fitowa. Masu sauraro ba su cika lura da ita ba sai ta yi shiru, nan take kiɗan ya zama fayau, masu rawa su rasa inda za su sa ƙafa. In kana son koyon ta, ko an ɗora maka sayo wa ƙungiyarku, ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: jitar da amfilifayar abu guda ne, ba a sayen ɗaya a manta da ɗaya.

Mece ce jitar bes?

Jita ce mai dogon wuya da tsirkiyoyi huɗu masu kauri. Tsirkiya ita ce wayar ƙarfen da ake taɓawa ta yi ƙara. Ana kiran huɗun da haruffa E, A, D da G, daga mai kauri zuwa siririya. Mai kaurin tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa muryarta take can ƙasa. Akwai mai tsirkiya biyar, wadda aka ƙara mata B, tana sauka zuwa kusan sau 31.

Aikin mai bes shi ne haɗa ganga da sauran kayan kiɗa. Yana tafiya tare da mai ganga wajen riƙe lokaci, yana kuma nuna wa mawaƙi inda karin waƙa ya dosa.

Kafin zuwanta, makaɗa a Amurka suna fama da wani ƙaton goge mai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi sauran kayan kiɗa suna danne muryarsa. Paul Tutmarc na birnin Siyatil ya ƙera ta lantarki a shekarun 1930, amma ba ta yi kasuwa ba. Wadda ta karɓu ita ce Precision Bass da Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1951. A 1960 kamfaninsa ya ƙaro Jazz Bass, mai siririn wuya. Har yau yawancin waɗanda za ka gani a shago kwaikwayon waɗannan biyun ne.

Yaya take fitar da sauti?

Yawanci gangar jikinta katako ne cunkus, ba rami, don haka in ka kaɗa ta ba wuta da kyar na kusa da kai zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani abu da ake kira fikof: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Tsirkiya na motsi a kansa, sai ya haifar da 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Wannan wutar ce take bin waya zuwa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara mata ƙarfi, ita kuma ta tura wa lasifika.

A kan wuyan akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta, sunansu firet. Duk inda ka danne tsirkiya a bayan firet, ka rage tsawonta, muryar ta ƙara hawa.

Wacce ta dace da mai koyo?

Mai tsirkiya huɗu. Wani zai ce maka ka sayi mai biyar tunda makaɗan coci da yawa ita suke riƙewa. Gaskiya ne tana da amfani, amma wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, kuma mai koyo yana shan wahalar hana tsirkiyar da ba ya kaɗawa yin gunaguni. Fara da huɗu, babu waƙar da za ta gagare ka a farkon tafiya.

Tsawon tsirkiya a yawancinsu inci 34 ne, kusan santimita 86. Akwai gajera mai inci 30, ta fi dacewa da yaro ko mai ƙananan yatsu. Kada ka raina ta, domin Höfner ɗin da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya yi suna da ita gajera ce.

Za kuma a tambaye ka: mai batir ko marar batir? Mai batir tana da 'yar na'ura a cikinta da ke gyara murya, tana aiki da batir mai bolt 9, irin mai kusurwa huɗun nan. Muryarta tana da kaifi, sai dai ranar da batir ya mutu a tsakiyar biki, sauti zai fara karkarwa ya ɗauke. In ka sayi irinta, ka riƙa cire waya daga jikinta da zarar ka gama, domin sa wayar ne yake kunna batirin. Marar batir ba ruwanta da wannan, kuma ita nake ba mai koyo shawara.

In ta hannu ce, me zan duba?

Da yawa daga masu farawa ta hannu za su saya, kuma ba laifi ba ne. Sai dai kada ka biya kuɗi kafin a jona ta da amfilifaya a gabanka.

Fara da wuya, don shi ne ran jitar. Ɗaga ta, ka kai idonka daidai kanta, ka leƙa tsawon wuyan har ƙasa. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne. In ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta ko da kyauta ce. Daga nan ka danna kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, kana sauraro. Inda ka ji zizara, ko muryar ta mutu da wuri, akwai matsala a wurin. Dubi tazarar tsirkiya da firet na 12: milimita 2 zuwa 3 ya isa. In ɗan yatsanka zai iya shiga tsakani, za ta gajiyar da hannunka har ka tsani koyon.

Murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar ƙasa-ƙasa, ka girgiza waya a bakin ramin da take shiga ka ji ko sauti yana yankewa. Waɗannan biyun ƙaramin gyara ne, mai gyaran rediyo zai iya, amma dalili ne na neman ragi. A ƙarshe ka rataya ta ka tsaya da ita na ɗan lokaci. Nauyinta yakan kai kilo 4 ko fiye, kuma kafaɗarka ce za ta ɗauka har a tashi daga biki.

Sunan da ke rubuce a kanta ba hujja ba ne, jabu sun cika kasuwa. Squier, Yamaha, Ibanez da Cort suna yin masu sauƙin kuɗi da za a iya dogara da su, kuma Squier ta gaskiya ta fi Fender ta ƙarya.

Ba zan iya amfani da amfilifayar jita ta kullum ba?

Sauti zai fito, amma kana kasada da lasifikarta. Muryar bes tana tura takardar lasifika gaba da baya da nisa fiye da yadda aka ƙera ta jita ta jure. A hankali a ɗaki ba komai. Ka ɗaga murya, sai ta yage.

Amfilifayar bes iri biyu ce. Akwai wadda na'urar da lasifikar suke akwati ɗaya, ana ce mata kombo, ita ce mai sauƙin sha'ani. Akwai kuma wadda na'urar, wato kai, take daban, akwatin lasifika daban. Faɗin lasifikar yakan zama inci 10, 12 ko 15.

Ƙarfinta da wat ake auna shi. Don koyo a ɗaki, wat 15 zuwa 40 ya wadatar. In za ka tsaya kusa da mai ganga a zaure ko a fili, nemi wat 200 zuwa sama. Dalili shi ne murya mai kauri tana cin wuta fiye da siririya, kuma ninka wat ba ya ninka ƙara: daga 100 zuwa 200 ɗan ƙari kaɗan kunne zai ji. Ka kuma duba ko tana da wata kafa a baya da aka rubuta DI. Ta nan ake jan waya zuwa na'urar haɗa sauti ta wurin taro, manyan lasifikoki su ɗauki nauyin jama'a, taka ta zama ta jin kanka kawai.

Mene ne om da ake rubutawa a baya?

Wannan ya shafi mai kai daban da akwati daban. Om ma'auni ne na yadda lasifika take turjiya ga wutar da ake tura mata, kuma yawanci 8 ne ko 4. In lambar ta yi ƙasa, amfilifaya tana ƙara wahala. Abin da ke rikita mutane shi ne, in ka jona akwatuna biyu masu om 8, ba 16 suke zama ba, 4 suke komawa. Biyu masu om 4 kuma su koma 2. A bayan kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin da za ta iya ɗauka. Kada ka sauka ƙasa da shi, in ba haka ba za ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone.

Wayar da ke tsakanin kai da akwati ma daban take da wayar jita, ko da bakinsu ya yi kama. Ta jita siririya ce a ciki, ba ta jure wutar lasifika.

Wutarmu fa?

Nan ne kayan mutane suka fi salwanta. Wutar gida a Najeriya, Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Amfilifaya ta hannu da aka kawo daga can, in ka cusa ta a soket kai tsaye, ƙarar farko ita ce ta ƙarshe. Karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. Wasu suna da ɗan makunnin sauyawa, wasu suna karɓar kowace iri, wasu kuma dole sai da taransifoma mai rage wuta.

Ka haɗa ta da sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi nata. In da janareta ake aiki, bari ya tashi ya daidaita kafin ka kunna, ka kuma kashe ta kafin a kashe shi ko a sauya layi. Ƙa'idar ita ce amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, kuma murya tana ƙasa a duk lokutan biyu.

Sai batun rai. Ƙafa ta uku a filogi, wadda wasu suke karyewa don ya shiga soket, ita ce take kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In ka ji wuta tana ɗan cizon ka a yatsa, ko a leɓe lokacin da ka kusanci makirfo, tsaya nan take a kira mai gyaran wuta. Makaɗa sun mutu a kan dandamali ta wannan hanya. Kada kuma ka buɗe cikinta da kanka, akwai sassan da suke riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

Yaya zan kula da ita a hunturu da damina?

Katako yana shan danshi yana kuma bushewa. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70, kamar yadda tsirkiya take tanƙwara baka. Abin da ke hana shi miƙa wuya shi ne wani sandan ƙarfe da aka binne a cikinsa, wanda ake ɗaurewa ko sassautawa da alanki. Da hunturu katakon yakan tsuke, har ka ji bakin firet yana kartar hannunka. Da damina ya kumbura. Saboda haka jitar da take daidai a watan Agusta tana iya fara zizara a Janairu, kuma ba lalacewa ta yi ba, saiti take so.

In za ka taɓa sandan, kada ka wuce rubu'in juyi a lokaci guda, sannan ka bar ta ta kwana ka sake dubawa. In ya ƙi juyawa, kada ka tilasta, kai wa wanda ya sani. Karyewarsa gyara ne mai tsada ƙwarai.

Sauran kulawar mai sauƙi ce. Ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana, kada ka bar ta a but ɗin mota da tsakar rana. Goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, domin gumi ne yake kawo tsatsa ya kashe murya. Amfilifaya kuma a rufe ta da zane saboda ƙura in ba a aiki da ita, a buɗe ta sarai in tana aiki don ta sha iska.

Tsirkiya iri biyu ce. Mai kaushi tana da murya garau amma tana dushewa cikin watanni. Mai santsi muryarta a tausashe take, tana kuma shekaru. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown, mai santsi yake sawa, kuma an san shi da rashin canza ta sai ta tsinke. Ga wanda sabuwar tsirkiya take yi wa wuyar samu, wannan zaɓi ne mai kyau.

Nawa zan tanada?

Daga waje ake shigo da kayan nan, don haka farashinsu yana bin dala. A Amurka, sabuwar jitar mai koyo daga kamfanonin da aka ambata takan kama dala 200 zuwa 300, ƙaramar amfilifayar ɗaki kuma dala 100 zuwa 200. Wadda za ta iya tsayawa da ganga tana iya fin jitar kanta tsada. Ka ƙara kuɗin waya mai kyau, maratayi mai faɗi, jaka da sitabilaiza. Na'urar saita murya ba sai ka saya ba, akwai manhajojinta kyauta a wayar hannu.

In kuɗin bai kai duka ba, kada ka zuba shi kaf a kan jita mai sheƙi ka dawo gida ba abin jona ta. Sayi matsakaiciya mai lafiyayyen wuya, ka ba amfilifaya rabin kuɗin ko fiye. Ranar da za ka je kasuwa kuma, ka tafi da wanda ya iya kaɗawa, ya gwada maka su biyun tare kafin ka ciro kuɗi.