Gejin baƙin mai a tsohuwar Marsandi: Allura ce ke ƙarya ko inji ne ke shirin bugawa?

Shekara kusan 40 ke nan da kamfanin Mercedes-Benz ya daina ƙera samfurin W123, wadda ta shiga kasuwa a 1976, aka rufe aikinta a 1986 bayan an fitar da kusan miliyan 2.7. Duk da haka har gobe ana cin karo da ita a titunan Kano da Kaduna da Yamai, wasu a hannun dattawan da suka saye ta tun tana yayi, wasu a hannun matasan da suka gaje ta suna tattalinta.

Wani abin da ya bambanta ta da Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, shi ne yadda take sanar da direba halin da baƙin mai yake ciki. Fijo jar fitila ce da ita, ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya riga ya faɗi ƙasa sosai. Marsandi kuwa geji gare ta mai allura, daga sifili zuwa 3.

Ranar da wannan allura ta kwanta, mai mota yana tsakanin asara biyu. Idan ya ɗauka geji ne ya lalace ya ci gaba da tafiya alhali mai ne ba ya hawa, cikin 'yan mintuna inji zai iya bugawa. Idan kuma ya tsorata ya sa aka sauke inji alhali laifin geji ne, ya kashe maƙudan kuɗi a kan lafiyayyen inji.

Abin da allurar take aunawa

Direbobi da yawa suna zaton gejin yawan man da ke cikin inji yake nunawa. Wannan aikin sandar gwada mai ne. Geji ƙarfin matsin mai yake aunawa, da ma'aunin da ake kira bar.

Famfon mai yana zuƙo baƙin mai daga tukunyar da ke ƙasan inji, ya tura shi ta matata zuwa 'yan siraran hanyoyi har ya isa tsakanin karanshaf da mital. Ƙuncin wannan waje ne ke haifar da matsi. Da mital ya cinye, waje ya buɗe, sai mai ya riƙa zurarewa cikin sauƙi, matsi ya ragu.

Shi ya sa da sassafe, lokacin da mai yake da kauri, allura ke tsayawa a 3 ko da inji yana silo. Da ya ɗauki zafi mai ya tsinke, sai ta sauko. Wannan ba ciwo ba ne. A ƙa'idar kamfanin, idan inji ya yi zafi yana silo, matsi zai iya sauka har bar 0.3 ba tare da haɗari ba, matuƙar allura ta tashi nan take da an taka totur, ta kai 3 idan juyin inji ya kai 3,000 a minti.

Matakin farko: a kashe inji

Idan allura ta faɗi sifili ana cikin tafiya, a ratse gefe a kashe mota, a ɗan jira mai ya koma tukunya, sannan a zaro sanda a duba. A kuma shinshina man. A motocin da ke da kafireto, fetur kan tsiyaya cikin baƙin mai ya tsinka shi, har a ga ya haura alamar cika yana warin fetur.

Kunne ma sheda ne. Injin da mai ya yanke masa ba ya daɗewa bai fara ƙara ba, daga ƙas-ƙas a sama zuwa bugu mai nauyi daga ƙasa. Amma rashin jin ƙara bai isa hujjar ci gaba da tafiya ba, domin sau da yawa kafin a ji ta ɓarna ta riga ta auku.

Geji iri biyu ne

A W123, wani siririn bututu ne ke ɗauko mai daga wajen matata, ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba, ya shiga bayan geji. Man da kansa ne ke tura allura. Idan bututun ya toshe ko ya lanƙwashe, allura za ta riƙa nawa ko ta ƙi motsi. Idan ya tsage, za a ga ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin dashbod, wani lokaci har a kan takalmin direba. Duk wanda ya kwance gejin ya tada inji bai toshe bututun ba, zai wanke cikin motarsa da mai.

A W124 kuwa, wadda aka fi sani da V-boot, lantarki ne ke aikin. Akwai sansa da ke ɗaure a jikin inji, tana aika saƙo ta waya zuwa geji. A nan ne ƙaryar ta fi haɗari, domin idan wayar ta tsinke ko sansar ta mutu, allura kan haye 3 ta zauna, direba yana murna mai na hawa. Gwajin ba wuya: a murɗa makulli ba tare da tada inji ba. Allura ya kamata ta tsaya a sifili. Idan ta haye sama, aikin mai wayarin ne.

Wani abin lura, sansa mai waya ɗaya ta jikin inji take samun as. Idan aka naɗe bakinta da farin tef na masu gyaran famfo don hana yoyo, ana iya yanke mata wannan hanya, geji ya rikice.

Alƙalin da ke raba gardama

Hanya ɗaya tak ke tabbatar da gaskiya, wato a kawo wani geji na gwaji wanda aka san lafiyarsa, a ɗaura shi a gurbin sansa ko bututun. A tada inji, a bar shi ya yi zafi sosai, a karanta a silo, a sake karantawa a juyi 3,000. Gwajin da aka yi da sanyin inji ba ya nuna komai, domin ko injin da ya gaji yana nuna ƙarfi da safe.

Idan gejin gwaji ya nuna matsi daidai, inji ya kuɓuta, sai a nemi sansa ko bututu ko geji a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Idan shi ma ya nuna ƙasa, har yanzu ba a kai ga sauke inji ba. A fara da abin da ya fi araha, wato irin man da aka zuba da matatar da aka ɗaura. Daga nan a kwance tukunya a duba ragar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, domin dattin tsohon mai kan toshe ta. Sai bawul ɗin da ke rage matsi, wanda kan maƙale a buɗe. Bayan an wanke waɗannan daga zargi ne za a waiwayi famfon kansa da mital.

Dabarun da ke ɓoye ciwo

Akwai hanyoyi biyu da wasu gareji ke bi don kwantar wa mai mota hankali. Ta farko ita ce zuba mai mai kauri fiye da ƙima, ko a ƙara masa sinadarin da ke daɗa kauri. Allura za ta ɗan ɗaga, amma mital ɗin da ya cinye yana nan yadda yake, kuma da safe man zai yi jinkirin isa saman inji. Ta biyu ita ce cire wayar fitila ko toshe bututun geji gaba ɗaya, a ce ai tsohuwar mota ce.

Mai shirin sayen irin wannan mota ya kamata ya yi hattara da duka biyun. Ya duba allura kafin a tada inji, ya kuma dage a zagaya da motar har ta yi zafi, sannan ya ga inda allurar za ta tsaya a silo. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda da gwajin, wannan ma amsa ce.